Ciwon idon da ba ya sallama: aikin Dokta Fatima Kyari da abin da ya shafe mu a Adar

Yau tarihi munka kawo muku, tarihin wani ciwon ido da na wata likita ta maƙwabtanmu Najeriya wadda ta ba shi shekarun aikinta.

Duk wanda ya taɓa raka tsohonsa wurin aikin ido na kyauta, irin wanda ƙungiyoyi ke kawowa lokaci-lokaci, ya san abin da za mu faɗi. Tsofaffi biyu za su taso daga gari guda, a mota guda, kowane jikansa na jan sandarsa. Na farko a duba shi a ce yana ce, a yi mishi aiki, kashegari a cire auduga ya ga fuskar jikan nan ya kama kabbara. Na biyu likita ya haska cikin idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: “Baba, sai haƙuri, naka ba na aiki ba ne.” Iyalai su koma gida suna cewa an yi son kai, ko kuma don ba su san kowa ba. Mu kanmu mun sha jin wagga magana a gidajenmu. Ba son kai ba ne. Ciwon ne daban.

Yana, kamar labule ce da ta rufe taga: in an ɗauke ta haske ya shigo. Ciwo na biyu kuwa, wanda likitoci ke kira gilokoma, maƙwabtanmu na kudu ke ce ma hawan jinin ido, mu nan wasu ke cewa tansiyon ido, jijiyar gani yake ci. Sunan ma yana ruɗa mutane, don ba jini ne ke hawa ba. Akwai wani ruwa garai-garai da ido ke samarwa a cikinsa dare da rana, yana fita ta wata ƴar magudana da ke gefen baƙin ido. In magudanar ta ƙi jan ruwan yadda ya kamata, sai ya taru yana matsa jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyar nan zaruruwa ne sama da miliyan guda, kuma duk zaren da ya mutu ya mutu ke nan. Matsin ruwan ido na mai lafiya yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci, ko da yake akwai waɗanda jijiyarsu ke lalacewa alhali awon bai wuce haka ba. Abin da ya sa ciwon ke da mugunta shi ne irin da ya fi yawa a wurinmu ba ya zafi, ba ya jan ido, ba ya kwantsa. Daga gefe yake fara cin gani. Mutum na karatun Alƙur'aninsa lafiya lau, yana zura zare a allura, amma babur ya fito mishi ta gefe bai gan shi ba. Kafin ya ce “idona ya samu matsala”, ido guda ya riga ya tafi, ɗayan yana kan hanya.

Mutanen da sun san akwai makanta iri biyu. Larabawa har yau suna ce ma yana farin ruwa, gilokoma kuwa shuɗin ruwa. Amma ba wanda ya iya leƙa cikin idon mai rai sai wajen 1851, lokacin da wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya ƙera madubin haska ƙasan ido. Ƴan shekaru bayan haka, a 1857, Albrecht von Graefe na birnin Balin ya bayyana aikin tiyata na farko da ke sauke matsin ido. Ga kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: maganin ɗigawa na farko da anka yi ma ciwon ga, daga Afirka ta Yamma tushensa ya fito. Wani wake ne mai guba na yankin Kalaba, a kudancin Najeriya, wanda mutanen can ke ba wanda ake tuhuma da maita don a gane gaskiyarsa. Turawa sunka kai shi ƙasarsu sunka tace sinadarinsa, a 1876 wani likita mai suna Ludwig Laqueur, wanda shi kansa yana fama da ciwon, ya nuna yana sauke matsin ido. Aikin da anka fi yi yau, na buɗe ma ruwan wata ƴar sabuwar hanya a ƙarƙashin fatar ido ta sama, likitan Ingila John Cairns ya bayyana shi a 1968. Maganin timolol, wanda kusan duk mai ciwon ga a Nijar ya san kwalbarsa, ya shigo kasuwa a 1978.

A ƙasar Hausa, likitan ido na zamani ta Kano ya fara kafuwa. A 1943 ƴan mishan na SIM sunka buɗe asibitin ido na Kano, wanda yanzu ke hannun ECWA, kuma su ne dai sunka buɗe asibitin Galmi a nan jiharmu a 1950. Iyayenmu da kakanninmu da dama ta Ƙonni da Sakkwato sunka bi zuwa Kano biɗar gani. Wani likitan wannan asibiti, Ben Kietzman, ya fitar da sakamakon shekara biyar na tiyatar gilokoma a idanun ƴan Najeriya tun 1976. Mu kuma ɓangaren masu Faransanci, makarantar IOTA ta Bamako, wadda anka kafa a 1953, ita ta horar da da yawa daga cikin likitoci da malaman idonmu. Ke nan wuƙar aiki ta daɗe da zuwa yankinmu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin yawan masu ciwon, da dalilin da ya sa makafi ke ƙaruwa alhali akwai magani. A nan ne Dokta Fatima Kyari ta shigo.

Likitar ido ce, ta yi aiki a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Likita a asibiti yana ganin wanda ya zo ne kawai, wanda ya samu kuɗin mota da mai rakiya. Wanda ke zaune a zaure a ƙauye ya sallama ma ƙaddara, ba ya cikin rajistar kowa. Don haka tsakanin 2005 da 2007 gwamnatin Najeriya, da tallafin ƙungiyar Sightsavers da masanan wata babbar makarantar kiwon lafiya ta Landan, ta yi binciken makanta na ƙasa baki ɗaya. Dokta Kyari na cikin likitocin da sunka ɗauki kayan awo sunka shiga gari-gari. Wuri 305 anka zaɓa a faɗin ƙasar, anka duba mutum sama da 13,500 masu shekara 40 zuwa sama. Ku ƙiyasta wahalar: a ɗora injin awo da janareto a mota, a nemi izinin mai gari, a bi gida-gida a rubuta sunaye, a zaunar da tsohuwar da ba ta taɓa ganin likita ba a ce ta ɗora haɓarta bisa ƙarfe ta kalli ɗigon haske. Shekara biyu da rabi ana wannan.

Rahoton farko da ya fito a 2009, sunanta ne a gaba. Ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum sama da miliyan guda a ƙasar, kuma arewa ta fi kudu shan wahala: arewa maso gabas kashi 6.1, kudu maso yamma kashi 2.8. Rahoto na biyu, wanda abokin aikinta Dokta Mohammed Abdull na Bauci ya jagoranta, ya rarrabe dalilan: yana ce ta ɗaya da kashi 43 cikin 100 na makafin, gilokoma ta biyu da kusan kashi 17. Wani zai ce to ai yana ta fi. Ta fi yawa, gaskiya ne, amma makahon yana ana iya mayar mishi da gani ko bayan shekara goma. Na gilokoma ba ya dawowa.

Da yawa a nan za su tsaya, an ƙirga, an buga, an samu suna. Ita sai ta koma kan takardun binciken ta ware gilokoma ita kaɗai, ta mai da ita aikin digirinta na doktora a Landan, tare da Farfesa Clare Gilbert. Abin da ta fitar a 2015 shi ne, a ganinmu, zuciyar aikinta duka. Cikin mutanen da anka duba, 682 ke da ciwon, wato kashi 5 cikin 100, mutum ɗaya cikin kowane ashirin da ya kai arba'in. Cikin 682 ɗin nan, 38 kacal sunka san suna da shi. Ku sake karanta wannan. Talatin da takwas. Sauran duk suna yawo da shi ba su sani ba, ko kuma sun san ganinsu na raguwa sun ɗora ma tsufa. Kuma mutum ɗaya cikin biyar na masu ciwon ya riga ya makance.

Akwai wani abu cikin rahoton da ya taɓa mu kai tsaye. Wasu gilokomar tasu ba da kanta ta zo ba, wani abu ne ya jawo ta, kuma babban abin da ya jawo ta a wannan rukuni, kashi 38 cikin 100, shi ne aikin masu tura yana na gargajiya. Mun san su, suna zagaya kasuwannin ƙauye, su soka tsinke ko allura a gefen ido su tura yanar ta faɗa ciki. A ranar mutum zai ga haske, ya yi murna, ya biya akuya. Bayan wata biyu ido ya kumbura, matsi ya hau, mai aikin kuwa ya daɗe da barin gari. Binciken ya gano cewa cikin idanun da anka taɓa yi ma aikin yana a Najeriya, kusan rabi ta wagga hanya anka yi su, kuma a arewa abin ya fi yawa. Tsakaninmu da Sakkwato da Katsina iyaka ce kawai ta takarda. Kasuwa ɗaya muke ci, aure ɗaya muke yi, masu tsinken nan ma ba su neman fasfo.

Alƙaluman nata ba su zo su kaɗai ba. Tun 1991 wani bincike a birnin Baltimo na Amurka ya nuna baƙar fata sun fi farare kamuwa da ciwon ga ninki huɗu zuwa biyar, yana kuma kama su da ƙuruciya. A tsibirin Barbados da garin Tema na Gana an samu wajen kashi 7 cikin 100. Abin da aikin Najeriya ya ƙara shi ne ƙasa guda cur, birni da ƙauye, har da mutanen da yarensu da abincinsu da ranarsu irin namu ne.

To an gano masu ciwon, sai me? A nan labarin ya ƙara ɗaci, kuma a nan ya kamata mu ɗan tsaya kan Dokta Abdull, wanda ke aikin gilokoma a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauci. Ya bi sawun marasa lafiyar da ke zuwa wurinsa, ya tarar mafi yawansu sai ciwo ya yi nisa suke isowa, idanu da dama ba su ganin komai sai bambancin haske da duhu, wasu ko shi babu. Waɗanda anka ba shawarar tiyata kuwa, ƴan ƙalilan ƙwarai sunka yarda anka yi musu. Kar mu yi saurin zarginsu. Ka sa kanka a matsayin manomi mai ido guda da ya rage. Likita ya ce zai sa wuƙa a wannan ido, ka biya kuɗi, ka yi ta dawowa ana dubawa, kuma ya gaya maka gaskiya cewa ganinka ba zai ƙaru ba, iyaka dai ya tsaya inda yake. Maƙwabcinka da anka cire ma yana yana can yana tuƙa amalanke. Wa zai yarda cikin sauƙi?

Maganin ɗigawa ma ba mafita ba ce mai sauƙi. Kullum ne, safe da dare, har ƙarshen rai. Kwalba ta ƙare, a ƙauye babu farmasi, kuɗin gero ne za a taɓa, kuma tunda mutum bai jin ciwo, bai kuma ga wani canji ba, sai ya bari. Dokta Kyari ta zauna da marasa lafiya da iyalansu ta saurari yadda sunka yi ta yawo daga mai magani zuwa mai magani kafin su iso asibiti, ta kuma tambayi likitocin idon Najeriya kansu yadda suke yi da ciwon. A 2016 ta buga sakamakon duka biyun. Amsar ɗaya ce ta kowane gefe: zuwa a makare, tsadar magani, tsoron aiki, da rashin cikakken bayani tsakanin likita da mara lafiya.

Dokta Abdull ya gwada wata dabara. Ya horar da ma'aikata su zauna da mara lafiya su yi hira a natse, su ji tsoronsa, su taimaka mishi ya yanke shawara da kansa, sannan ya gwama waɗanda anka yi ma hirar da waɗanda ba a yi ma ba. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna hirar ba ta ƙara yawan masu yarda ba. Mun ji daɗin yadda ya buga hakan ƙarara bai ɓoye ba, don mai bincike na gaskiya yana faɗin abin da ya gani ko da bai yi mishi daɗi ba. Amma cikin gwajin sai wani abu ya bayyana: mutane sun fi karɓar aikin leza nesa ba kusa ba a kan tiyata. Leza haske ne mai ƙarfi da ake ɗora ma farin ido daga waje, ya rage ma ido yawan ruwan da yake samarwa. Ba yanka, ba ɗinki, ba kwanciya asibiti. A da sai idon da ya riga ya mutu yana zafi ake yi ma irin wannan. Shi ya gwada shi a idanun da ke gani, ya kuma ba da rahoto a 2018 cewa matsin ya sauka a mafi yawan waɗanda anka sake aunawa, ko da yake da dama ba su dawo awon ba, wanda shi ma darasi ne. A Tanzaniya kuma, a asibitin Moshi da ke gindin dutsen Kilimanjaro, an gwama wani irin leza mai sauƙi da maganin timolol, sakamakon 2021 ya nuna bayan shekara guda leza ya riƙe matsin a kashi 61 cikin 100 na idanu, timolol a kashi 31.

A shekarar 2021 ɗin nan dai, Dokta Kyari ta jagoranci likitocin ƙasashen Afirka da dama, da tallafin ƙungiyar Light for the World, sunka fitar da littafin jagora na kula da gilokoma a Afirka kudu da Sahara. Littattafan da anka saba koyarwa da su an rubuta su ne don ƙasashen da mara lafiya ke da inshora da likita a bayan gida. Wannan kuwa ya fara daga halin da muke ciki: me za a yi a ƙaramar likita, me za a tura babban asibiti, yaushe ne bai kamata a dogara da kwalbar magani ba. A 2024 anka ba ta riƙon rajistar Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wadda ke ba kowane likitan ƙasar lasisin aiki. Daga haska ido a ƙarƙashin bishiya zuwa kujerar da ke sa ido kan likitocin ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, tafiya ce mai nisa.

Mu dawo gida. A Nijar ƙoƙarin hukumar kula da lafiyar ido ta ƙasa, wadda Farfesa Abdu Amza ya daɗe yana jagoranta, ya fi fitowa a yaƙi da amosanin ido da aikin yana, kuma an ci nasara mai yawa, ba mu raina ba. Sai dai waɗannan cututtuka ne da ake iya yi ma gangami: a raba magani gari guda, ko a yi aiki kwana biyar a naɗe kaya. Gilokoma ba ta jin gangami. Tana son a gano ta da wuri, a kuma riƙe mutum shekara da shekaru. A arewacin Adar kuwa, inda mazan gida ke wajen ƙasa rabin shekara, tsoho ba ya da mai kai shi Tawa sai ɗa ya dawo ko ya aiko da kuɗi, balle Yamai mai nisan sama da kilomita 500. Waɗanda ke bin likitocinsu a Sakkwato da Kano sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin da anka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ga alƙawarin likita ya wuce, ga magani ya yi wuya.

Ga kuma wata ɗabi'a tamu da ke ƙara ma wuta ice. Lokacin hazo da ƙura ido na ƙaiƙayi, sai a je kasuwar Lahadi ko wurin mai tebur a sayi maganin ɗigawa. Da yawa cikin waɗannan kwalabe suna ɗauke da sinadarin kotizon, irin su desametazon. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake son shi, amma in anka daɗe ana ɗigawa yana iya hawar da matsin ido har ya kashe jijiya, kuma yara masu yawan ƙaiƙayin ido na cikin waɗanda abin ya fi kamawa.

Ku ƴan biɗa da ke aiko da kuɗin magani, ga abin da za ku tambaya in an kai tsoho likita: an auna matsin idon? an duba jijiyar? Awon ba ya zafi, ba ya cin mintoci da yawa. In likita ya ce gilokoma ce, to maganar ba ta tsaya kan tsoho shi kaɗai ba, don ciwon na bin jini: ɗiyansa da ƙannensa da yayyensa sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa, ya kamata duk wanda ya kai arba'in cikinsu a duba shi ko da yana ganin allura a ƙasa. Wanda ke kan magani kar ya bari don ya ji sauƙi, ko don azumi ya kama; mai ɗigawa sau biyu yana iya yi da sahur da bayan shan ruwa, ya kuma shawarci likitansa. Cikin watan Maris na kowace shekara ake makon gilokoma na duniya, wasu asibitoci kan yi awo kyauta ko da rangwame a lokacin. In mun ji sanarwar wani a jihar Tawa za mu sa muku ita a nan.